William Gladstone, Mutumin da Ya Bar Jam'iyyar Gidansu

Duk sa'ad da zaɓe ya kusato mu kan ji 'yan'uwa cikin ekklesiya suna zancen wane ya bar jam'iyya kaza ya koma kaza. Waɗansu su ce ya ci amana, waɗansu kuwa su ce idonsa ne ya buɗe. Har a kan sami mutum biyu masu cin Jibin Ubangiji tare su daina gaisawa a kasuwa saboda wannan. Domin haka a wannan wata muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wani mai bi na ƙasar Ingila, sunansa William Ewart Gladstone. Ya yi shekara sittin da 'yan kai cikin majalisar ƙasarsu, ya zama Firayim Minista har sau huɗu. Ya soma cikin jam'iyya ɗaya, ya ƙare yana shugaban abokiyar gabarta.

An haife shi a birnin Liverpool ran 29 ga Disamba, 1809. Uwarsa mace ce mai ibada ƙwarai, ita ce ta saba masa da karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a tun yana ƙarami. Ubansa, John Gladstone, babban attajiri ne mai jiragen ruwa. Amma dole mu faɗi inda yawancin dukiyar nan ta fito. Yana da gonakin rake a Jamaika da Demerara, ƙasar da a ke kira Guyana yanzu, bayi 'yan Afirka kuwa su ne su ke noma su. A 1823, William yana ɗan shekara 13 a makarantar Eton, bayin Demerara suka tayar wa iyayengijinsu, tawayen kuwa ya soma ne daga wata gonar ubansa. Cikin bayin gonar akwai wani kafinta mai suna Quamina, dattijon ekklesiya ne. Aka bi shi jeji aka harbe shi, aka rataye gawarsa da sarƙa domin sauran su gani. Mai wa'azinsu kuma, wani Bature ɗan mishan mai suna John Smith, aka yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a 1824 kafin takardar ahuwa ta iso daga Landan. Kuɗin makarantar yaron nan daga irin gumin nan ya fito.

Daga Eton ya tafi jami'ar Oxford, ya gama a 1831 da babban yabo. Zuciyarsa a lokacin tana ga aikin ekklesiya, har ya rubuta wa ubansa doguwar wasiƙa yana roƙon izini ya zama limamin Kirista. Uban ya ce ya dakata tukuna ya ƙara tunani. Daga baya yaron ya yarda ya shiga mulki, da nufin ya tsare ekklesiya daga cikin majalisa.

A zamanin nan manyan jam'iyyu biyu ne a Ingila. Akwai Tori, masu riƙon al'adun dā, su ne na sarauta da manyan masu gonaki da Ekklesiyar Ingila, wadda mu ke kira Angilikan. Akwai kuma Wig, masu son a yi gyare-gyare kaɗan kaɗan. Gidan Gladstone na Tori ne. Sa'ad da Wig suka kawo dokar ƙara yawan masu jefa ƙuri'a, saurayin nan ya tashi a taron muhawarar ɗalibai ya yi ta sukar dokar, gama ya gaskata za ta rushe ƙasa. Labarin jawabin ya kai kunnen wani babban basarake, Duke na Newcastle, wanda garin Newark ya ke a tafin hannunsa. Ya kira yaron ya tsai da shi, aka zaɓe shi a Disamba 1832, bai cika shekara 23 ba.

Babban jawabinsa na fari a majalisa, a Yuni 1833, abin baƙin ciki ne gare mu. Ana muhawara ne a kan 'yanta bayi. Ya tashi ya kāre sunan ubansa daga zargin cewa ana kashe bayi da aiki a gonarsa. Ya yarda bauta za ta ƙare wata rana, amma ya ce sai a hankali, bayan an koya wa bayin addini da aiki, a kuma biya iyayengijinsu diyya. Dokar ta wuce a shekarar nan. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 domin masu bayi, ubansa ya karɓi fiye da fam 100,000 saboda mutum 2,508. Bayin ba a ba su ko kwabo ba. Ga saurayi mai addu'a safe da yamma, mai rubuta zunubansa cikin littafi kowace rana, amma bai ga wannan ba, gama gidansu ne, kowa kuwa ya san da wuya mutum ya ga laifin tukunyar da ya ke ci daga ciki.

A 1838 ya buga littafi a kan gwamnati da ekklesiya. Ra'ayinsa shi ne gwamnati tana da lamiri kamar mutum, wajibi ne ta zaɓi addini na gaskiya ta tallafe shi shi kaɗai, kada ta ba da kuɗinta ga wata koyarwa dabam. Tsofaffin Tori suka yi murna, suka ce ga magajinsu. A shekara mai zuwa ya auri Catherine Glynne, ta gidan Hawarden a ƙasar Wales, Allah ya ba su 'ya'ya takwas, a can kuma ya zauna har mutuwarsa.

Abin da ya soma juya shi aikin ofis ne. A 1841 shugaban Tori, Sir Robert Peel, ya hau mulki. Gladstone yana sa rai za a ba shi babban matsayi, sai aka sa shi a ofishin ciniki, wurin lissafin kuɗin fito na katako da sukari da alkama. Ya shiga yana gunaguni. Amma shi mutum ne wanda in ya kama aiki sai ya ga ƙarshensa. Da ya zauna da littattafan lissafi ya ga harajin da a ke ɗora wa hatsin ƙasashen waje yana tsare ribar manyan masu gonaki, talaka kuwa shi ke biya a kan kowace gurasar da ya saya. Bai koyi wannan daga abokan gaba ba, lissafin da ke gabansa ne ya nuna masa.

A 1845 wani abu ya faru wanda ya ba mutane dariya a lokacin, mu kuwa muna gani a nan ne halin mutumin ya fi bayyana. Peel ya so ya ƙara kuɗin da gwamnati ta ke ba kwalejin Maynooth, inda a ke horar da limaman Katolika na tsibirin Ailan, wanda Ingila ta ke mulki a lokacin. Wannan ya saɓa wa littafin Gladstone sarai. Amma zuwa lokacin nan shi kansa ya rigaya ya gane ra'ayin littafin ba zai yiwu ba cikin ƙasar da mutane su ke bin ɗariku iri iri. To, in ya zauna kan kujerarsa ta minista ya goyi bayan dokar, za a ce ya sayar da ra'ayinsa domin albashi. Sai ya ajiye aikin tukuna, ya koma wakili kawai, sa'an nan ya jefa ƙuri'arsa ga dokar. Ya yi doguwar magana yana bayyana dalili, yawancin masu ji ba su gane ba. Abin da ya ke nufi dai shi ne, mutum yana da iko ya sāke ra'ayi, amma ya kamata ya nuna wa jama'a ba riba ya ke nema ba.

A shekarar nan ciwo ya kama dankalin Turawa a Ailan, shi ne kuwa abincin talakawansu. Yunwa ta shiga. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Peel ya ƙudura a soke harajin hatsi, aka soke a 1846, jam'iyyar Tori kuwa ta tsage biyu. Mafi yawa suka juya wa Peel baya suka bi Lord Derby da Benjamin Disraeli. Gladstone ya bi Peel. Basaraken da ya ba shi Newark yana tare da masu son harajin, saboda haka ya rasa kujerarsa, ya fi shekara ɗaya ba ya cikin majalisa.

Daga nan ya yi shekara 13 kamar baƙo a tsakanin gida biyu. Jami'ar Oxford ta zaɓe shi wakilinta a 1847, abin da ya fi so ke nan a duniya, amma ko shekara bai yi ba ya goyi bayan a bar Yahudawa su zauna a majalisa, malaman da suka zaɓe shi da yawa suka ɓata rai. Peel ya faɗi daga doki ya mutu a 1850. A ƙarshen shekarar Gladstone ya kai iyalinsa Naples ta ƙasar Italiya saboda ciwon idon 'yarsa. Can ya halarci shari'ar wani tsohon minista mai suna Poerio, wanda aka ɗaure shekara 24 da sarƙa saboda ra'ayinsa. Ya shiga kurkukun da kansa, ya ga masu ilimi an haɗa su sarƙa ɗaya da masu kisankai. Tun yana yaro an koya masa cewa hatsari daga wajen talakawa masu tawaye ya ke zuwa. Yanzu ya ga sarki mai kiran kansa Kirista yana taka shari'a da ƙafa. Ya komo ya buga abin da ya gani a 1851, dukan Turai ta ji.

Har yanzu dai yana kiran kansa mai riƙon al'adun dā, sunansa kuma yana cikin kulob na 'yan Tori a Landan. A Disamba 1852 ya tashi da tsakar dare ya wargaza kasafin kuɗin da Disraeli ya kawo, gwamnatin Derby ta faɗi. Bayan 'yan kwanaki waɗansu 'yan kulob da suka sha suka yi kurarin za su jefa shi ta taga. Ya zama Ministan Kuɗi cikin gwamnatin haɗin gwiwa har 1855, ya sāke fita. Lord Derby ya yi ta aika masa ya komo gida, ya ƙi.

Sai mu zo ga 1859, a nan ne kuwa labarin ya ke da wuyar hukunci. A watan Yuni Wig da mutanen Peel da masu neman gyara mai zurfi suka taru a Landan suka haɗa kai, daga taron nan ne a ke lissafin haihuwar jam'iyyar Libaral, wato masu sassauci. Suka kawo ƙuri'ar tumɓuke gwamnatin Derby. Gladstone ya jefa tasa ƙuri'ar ga Derby. Gwamnatin ta faɗi duk da haka. Bayan kwana kaɗan Lord Palmerston, mutumin da Gladstone ya yi shekaru yana suka, ya kafa sabuwar gwamnati ya miƙa masa aikin Ministan Kuɗi, ya kuwa karɓa. Shi ya ce batun Italiya ne ya sa, gama a kan 'yancin Italiya ra'ayinsa ɗaya ne da na Palmerston. Mun gaskata wannan yana ciki. Amma akwai sauran abu. Yana da shekara 49, ya yi shekara huɗu ba aikin minista a hannu, yana ji ƙarfinsa yana lalacewa a banza. A wajen Tori kuma Disraeli ya rigaya ya tare gaba, su biyun kuwa ba su ga maciji. A wajen Libaral shugabannin duka tsofaffi ne. Mutumin da ya ajiye aiki a 1845 domin kada a zarge shi, ga shi ya haye kogi ya sami babban aiki a gaci. Ba za mu wanke shi sarai ba. Abin da za mu iya faɗi shi ne, ra'ayinsa ya riga ƙafarsa hayewa da shekaru da yawa, bai kuma sāke komawa ba. A 1860 ya cire sunansa daga kulob ɗin nan.

Cikin aikin kuɗi ya soke harajin takarda a 1861, jaridu suka yi araha har leburori suka iya saye. A shekarar nan kuma ya buɗe ajiyar kuɗi a gidan waya domin masu ƙaramin ƙarfi. Da yaƙin basasa ya tashi a Amurka ya yi babban tuntuɓe, gama a 1862 ya yi magana a fili kamar jihohin kudu masu riƙe da bayi sun rigaya sun zama ƙasa. Da tsufansa ya amsa cewa kuskure ne mai girma. Yaƙin ya hana auduga zuwa masaƙun Lancashire, dubban ma'aikata suka zauna ba aiki, suka jimre yunwa ba tare da tarzoma ba. Haƙurinsu ya taɓa shi ƙwarai. A 1864 wanda ya soki ƙarin masu ƙuri'a yana ɗalibi ya tashi ya ce a ganinsa kowane namiji yana da hakkin ƙuri'a, sai in akwai dalilin hana shi. Oxford ta gaji da shi, ta kā da shi a zaɓen 1865 bayan shekara 18. Abin ya yi masa zafi. Mutanen Lancashire suka karɓe shi.

A Disamba 1868 yana saran itace a Hawarden, gama wannan ne hutunsa, sai aka kawo masa waya cewa Sarauniya Victoria za ta kira shi ya kafa gwamnati. Ya jingina da gatari ya ce aikinsa shi ne kawo salama a Ailan. Ya soma da ekklesiyarsa ta kansa. A Ailan kamar mutum ɗaya cikin takwas ne Angilikan, sauran yawanci Katolika ne, amma ekklesiyar Angilikan ce ta gwamnati, tana cin zakka daga gonakin ƙasar duka. A 1869 ya kawo dokar raba ta da gwamnati. Limamai da yawa suka kira shi Yahuza. Tun a 1868 ya rigaya ya buga ɗan littafi yana amsa cewa lalle ya sāke, ya nuna yadda abin ya faru mataki mataki, ya tuna musu da 1845. Bangaskiyarsa kuwa ba ta motsa ba. In yana gida kowace safiya ya kan taka zuwa majami'a, ran Lahadi shi ke karanta nassi, ɗansa Stephen kuma shi ne limamin wurin. Abin da ya sāke shi ne tunaninsa a kan yadda a ke tsaron ekklesiya. Ya zo ga gane cewa kuɗin da aka karɓa da ƙarfin doka daga hannun wanda bai gaskata ba yana sa mutane su ƙi bishara. Saboda wannan dalili ne a 1883 ya roƙi majalisa ta bar Charles Bradlaugh, mutumin da ya ce babu Allah, ya zauna kan kujerar da aka zaɓe shi, ko da shi ke ra'ayin mutumin abin ƙyama ne gare shi.

Gwamnatocinsa suka kafa makarantun firamare na gwamnati a 1870, suka kawo jefa ƙuri'a a asirce a 1872 domin kada mai gida ya tilasta wa baransa, suka ba leburorin gona ƙuri'a a 1884. Amma kada mu 'yan Afirka mu zaci sassaucinsa ya iso gare mu sosai. Yana ƙin yaƙin cin ƙasa da baki, duk da haka a zamanin mulkinsa ne sojan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, da sojoji Hausawa cikin rundunar, aka kuma ci Masar a 1882. A Yuli 1886 gwamnatinsa ce ta ba kamfanin George Goldie takardar ikon mulki a bakin Kwara da Binuwai.

A shekarar nan ta 1886 abin da ya yi wa Tori aka yi masa. Yana da shekara 76 ya tabbata a ransa cewa Ailan ba za ta zauna lafiya ba sai an ba ta majalisarta a Dublin. Bai shawarci abokansa yadda ya kamata ba, wannan kuwa laifinsa ne, gama ya saba in ya ga abu daidai ne ya ɗauka kowa ma ya gani. Ran 8 ga Yuni dokar ta faɗi da ƙuri'a 343 a kan 313, 'yan jam'iyyarsa 93 suna cikin masu ƙi. Lord Hartington da Joseph Chamberlain suka fita da mutanensu suka haɗa kai da Tori, har a 1912 suka zama jam'iyya ɗaya. Su ma sun ce lamiri ne ya fitar da su, ba mu da ikon cewa ƙarya su ke yi. Manyan gidajen da ya saba ci da sha a ciki suka rufe masa ƙofa. Tsohon bai fasa ba. Ya komo mulki a 1892 yana da shekara 82, ido ya dushe, kunne ya yi nauyi, ya bi da dokar ta wuce majalisar wakilai a 1893. Majalisar masu sarauta ta kashe ta da ƙuri'a 419 a kan 41. Ya sauka a Maris 1894. Ailan ba ta sami mulkin kanta ba sai 1922, bayan an zub da jini mai yawa, aka kuma raba tsibirin biyu.

Da tsufansa ya gaya wa abokinsa John Morley cewa an goye shi da tsoron 'yanci, daga baya ne ya koyi gaskata shi, wannan kuma shi ne mabuɗin dukan sāke-sākensa. Ya kwashe littattafansa wajen 32,000 ya ba da su domin ɗakin karatu na masu koyon tauhidi a Hawarden, waɗansu ma shi da kansa ya tura su a baro. Ciwon daji ya kama shi a fuska, ya sha azaba wata da watanni yana rera waƙoƙin sujada. Ya rasu ran 19 ga Mayu, 1898, ranar tunawa da hawan Ubangijinmu zuwa sama, yana da shekara 88. Aka binne shi a Westminster Abbey, ɗan Sarauniya yana cikin masu rakiyar akwatin, shugaban Tori Lord Salisbury kuma yana ciki.

Dukiyar Demerara dai ta zauna a gidan, shi ma ya ci rabonsa na gādo. A Agusta 2023, shekara 200 bayan tawayen da aka kashe Quamina, waɗansu daga zuriyar John Gladstone suka tafi Georgetown, babban birnin Guyana, suka tsaya a gaban jama'a suka roƙi gafara saboda abin da kakansu ya yi, suka yi alkawarin ba jami'ar ƙasar fam 100,000. Waɗansu jikokin bayin suka karɓi roƙon, waɗansu kuwa suka ɗaga alluna a bayan zauren suna cewa bai isa ba.